Ƙwallon 'Yan Mata da Gayyar da Ba a Kira Ba

Ni tela ne. Shagona yana bakin hanyar da ke fita zuwa Cadakori, rumfar kwano ce da keken ɗinki biyu, ɗaya na aiki, ɗaya kuma ya daɗe da zama wurin ajiye yadi. A shekarar korona ina cikin kwamitin iyayen yara na kwalejin garinmu. Ba don na fi kowa ilimi aka sa ni ba. Shagona ne ke kusa da lakol, wato makarantar, in ana neman wanda zai zo taro ni ake fara gani.

Ɗiyata ta fari tana ajin ƙarshe a lokacin, kuma ita ce mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon hannu ta 'yan mata. Doguwa ce, ga dogayen hannuwa. In ka jefa mata albasa daga bakin zaure sai ta cafe, ko juyowa ba ta yi sosai. Malamin wasanninsu, wanda kowa ke kira mushe kawai, wato malam a bakin 'yan lakol, kamar babu wani malami a lakol ɗin sai shi, ya daɗe yana shirya su don su kara da 'yan matan wata kwaleji ta wajen Sae Sabuwa. Ni na ɗinka musu kayan wasa da koren yadi: riga mai dogon hannu, wando har idon sawu, da ɗan kallabi mai roba wanda ba ya zamewa in ana gudu. Saura kaɗan a yi wasan, sai muka ji a rediyo an rufe makarantu.

Ragowar koren yadin nan da shi na fara ɗinka takunkumi. Da fari mutane dariya suka riƙa yi mini, suna cewa jaki ake sa wa wannan don kada ya ci hatsin mutane. Amma da aka fara tsare masu zuwa Maraɗi a hanya ana tambayarsu ina nasu, sai ga su ɗaya bayan ɗaya a bakin shago. Kafin wani lokaci rabin gari na yawo da launin ƙungiyar 'yan matan a hanci, wasu a haɓa, wasu a rataye a kunne ɗaya.

A gida kuwa ɗiyata ba ta daina atisaye ba. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune tare da mu, kuma sunanta na sa wa yarinyar, shi ya sa take kiranta takwara. Inna tana da ciwon fuka tun ina yaro. In damina ta kusa, ƙirjinta kan riƙa kuka kamar an matse algaita. Duk da haka ita ta zama mai jifa. Ta ɗaure tsummokin da nake kawowa daga shago ta yi ƙwallo, ta zauna a tabarma gindin dogonyaro, takwararta kuma ta tsaya tsakanin rumbu da turken akuya, wato nan ne gidan da take tsaro. Inna ba ta da ƙarfin jifa amma tana da wayo. Sai ta dubi hagu ta jefa dama, in ya shige ta yi guɗa har tari ya sarƙe ta. Matata ta fito daga madafa da kofin ruwa tana faɗa, Inna ta sha, ta ce a miƙo mata ƙwallonta.

Bayan an yi ruwan shuka aka buɗe makarantu. Ba a jima ba darakta ya aiko a kira kwamiti. Muka zauna a inuwar bishiyoyin lakol, an jera benci nesa da juna har sai mutum ya ɗaga murya. Maganar guda ce: a yi wasan nan da aka ɗage, ko a bar shi sai wata shekara?

Mushe ne ya fara. Ya ce yaran sun dawo jikinsu a mace, wasu 'yan matan ma ba su dawo ba sam, amma ranar da ya fito da ƙwallo sai ga biyu daga cikinsu sun leƙo ta bayan aji. Ya ce a aji a matse suke zaune, taga ƙarama, kwano na zafi, to fili da iska ke kaɗawa ta ko'ina shi ne zai fi aji haɗari? Ya ƙara da cewa waɗanda ke ajin ƙarshe ba su da wata shekara. In ba a yi bana ba, su dai sun rasa ke nan.

Manjo, wato babban ma'aikacin likitar garinmu, ƙaramin asibitinmu ke nan, shi ma an gayyato shi. Mutum ne marar yawan magana, kullum da alƙalami a aljihun gaba. Ya ce karatu dole ne, ƙwallo ba dole ba ne. Ya ce ba 'yan wasan ne suka fi damunsa ba, taron da za su jawo ne, ga baƙi daga wani gari. Ya ce shi ya san abin da ke cikin ɗakin maganinsa da abin da babu, kuma in numfashin tsoho ya tsaya, kafin a kai shi Maraɗi sai yadda Allah ya yi.

Wani alhaji mai sayar da hatsi ya ce shi fa bai ga cutar ba, cutar masu hawa jirgi ce, a bar yara su yi wasansu. Mushe ya sunkuyar da kai, don ba irin wannan goyon bayan yake nema ba. Shugabar ƙungiyar uwaye ta gyara mayafi ta ce tun da aka rufe lakol kullum 'yan matan nan tare suke a bakin famfo, suna ture-turen bokiti, ba wanda ya kira taro a kan wannan.

Da aka zo kaina na ce ban yarda ba. Na ce ni ina da tsohuwa a gida mai ciwon ƙirji, kuma ɗaki ɗaya take kwana da ɗiyata, mai tsaron gidan ƙungiyar. Duk wadda ta jefo ƙwallo, hannun ɗiyata zai taɓa, daga nan sai ƙwaryar furar Inna. Da gaske nake. Darakta, wanda ba ya son yanke magana da zafi, ya ce kowa ya je ya yi tunani, a sake haɗuwa bayan Juma'a.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Ɗiyata ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta ajiye, ta ce sannu da zuwa Baba, ta tashi. Ba ta ɓata fuska ba, ba ta kuma dube ni ba. Da ta yi kuka ma da ya fi mini sauƙi.

Inna ce ta kira ni daga gindin dogonyaro.

"Zo nan. An ce ka kai ni lakol yau."

Na ce, "Inna, ban kai ki ko'ina ba, maganar lafiyarki na yi."

"Ni na aike ka?"

"Ba ki aike ni ba."

"To mi ya sa ka ɗauki ƙirjina ka tare wa yarinya hanya da shi? Ƙirjin ga tun kana goye yake kuka, bai hana ni daka ba, bai hana ni biki ba."

Na zauna na yi mata bayani yadda manjo ya yi mana, cewa wannan cutar tsofaffi take kayarwa, kuma yaro kan ɗauko ta bai sani ba. Ta saurara har na gama, don Inna ba ta raina magana in ta ga mai yinta na jin tsoro. Sai ta ce, "Na ji. Tsoronka gaskiya ne. Amma gidanmu kaɗai ne gida a garin ga? Gwaggonta ba ta da ɗaki? Ta tafi can ta zauna, ta yi wasanta, in manjonku ya ce ta wanku ta dawo. Ni ce zan yi kewa, kuma na yarda."

Gidan ƙanwata yana bayan namu, katanga ɗaya ta raba mu, mijinta kuma yana ci-rani, babu tsoho ko ɗaya a ciki. Na yi ta juya maganar ina neman inda ta gurgunce, ban samu ba.

Washegari na tafi wurin manjo na faɗa masa. Ya ciro alƙalaminsa ya riƙa buga shi a tafin hannu. Ya ce shi har yanzu da za a bi tasa da an bari. Amma in iyaye sun nace, to da sharaɗi. Duk 'yar wasan da ke da tsoho ko marar lafiya a gida ta yi yadda Inna ta ce. Baƙi su zo a buɗaɗɗiyar mota, su koma a ranar, ba kwana. A wanke hannu da sabulu kafin a shiga da lokacin hutu, har ƙwallon ma a wanke. Ba gaisawa da hannu, ba rungume-rungume in an ci. Sannan babban sharaɗi: ba ɗan kallo ko ɗaya. Da aka koma taro na ɗaga hannu tare da masu cewa a yi. Alhajin hatsi ya ce ai shi tun farko ya faɗa.

Ɗiyata ta naɗe tabarmarta ta koma gidan gwaggonta. Atisayen ma bai tsaya ba. Inna ta sa aka ja mata tabarma kusa da katanga, ta riƙa jefa ƙwallon tsumma ta sama, daga can a cafe a jefo mata. Manjo bai san da wannan ba, ni kuma na sa matata ta riƙa wanke ƙwallon tana shanyawa, har ya koɗe ya zama fari.

Sharaɗin 'yan kallo shi ne ya ba darakta ciwon kai. Filin wasan kwalejinmu ba shi da shinge. Fili ne kawai na yashi a bayan azuzuwa, da turaku biyu-biyu a kowane gefe. Daga inda ya ƙare gonar wani dattijo ta fara, tsohon makiyayi ne da ya zauna a garinmu, 'ya'yansa duk sun tafi da shanu arewa a daminar. Hatsinsa ya fito, amma haki ya kusa rufe shi don ba mai nome masa. Darakta ya sa aka yi shela a kasuwa da masallatai cewa ranar wasa kada kowa ya zo lakol. Mai shela ya yi aikinsa da kyau, har wanda bai san za a yi wasa ba ya sani, ya kuma san ranar.

Ni an bar ni in shiga, a matsayin ɗan kwamiti mai kula da bokitin wanke hannu. Da hantsi baƙi suka iso a bayan wata tsohuwar mota mai ɗaukar buhuna, sanye da jajayen riguna, suna waƙa. Namu suka tsaya a layi suka gaishe su da hannu a ƙirji. Na zuba wa kowa ruwa, manjo yana tsaye yana duba ko an cuɗa tsakanin yatsu. Mushe ya wanke ƙwallo kamar mai wankan jariri. Fili fayau, ba kowa sai mu. Darakta ya yi ajiyar zuciya.

Ana shirin busa usur sai na hango mutum guda ya shigo gonar dattijon da hauya a kafaɗa, irin doguwar hauyar nan da ake noma da ita a tsaye. Na duba da kyau, alhajin hatsi ne, wanda rabonsa da riƙe hauya tun kafin ya je Makka. Ya zaɓi kuyya, wato layin shuka, wadda ta fi kusa da fili ya fara turawa, idonsa na kanmu. Bayansa ga mahauci, ga mai faci, ga ladan, ga masu kabu-kabu sun jingine baburansu a gindin gawo, kowa da hauyarsa. Can sai ga mata, shugabar ƙungiyar uwaye a gaba, wasu da kwando wai sun zo tsinkar tafasa. Kafin a yi jifa uku gonar ta cika.

Darakta ya nufi bakin gonar da sauri, ni da manjo muna biye. Ya ce, "Jama'a, ba ku ji shela ba?"

Alhaji ya dogara da hauyarsa ya ce, "Mun ji, mushe darakta. An ce kada a zo lakol. Mu gona muka zo. Bawan Allah ga shi nan ba shi da mai taimako, haki zai cinye mishi hatsi muna kallo?"

Dattijon mai gona yana zaune a kan kututture da sandarsa, bakinsa a buɗe. Shi dai bai kira gayya ba, bai dafa komai ba, ga gari guda a gonarsa.

Darakta ya juyo ya dubi manjo. Manjo ya daɗe yana kallon gonar. Noma da doguwar hauya ba a yinsa a matse, don in ka matso kusa da wani ƙotarsa za ta zungure ka, saboda haka kowa ya kama kuyyarsa, tsakaninsa da na kusa da shi akwai tazara fiye da ta bencinmu na taro. Manjo ya ce, "Kowa ya tsaya a kuyyarsa. Wanda ya ajiye hauya ya matso bakin fili, ni da kaina zan tsayar da wasan." Sannan ya ce da ni in kai bokiti ɗaya da sabulu bakin gonar. Na ga gefen idonsa ya tattare a saman takunkumi, na san dariya yake dannewa.

Ban taɓa ganin kallon ƙwallo irin na ranar ba. In wasa ya lafa sai ka ji ƙarar hauyoyi kaf-kaf cikin yashi. In 'yan matanmu suka ɗauko ƙwallo suka nufi gidan baƙi, sai hauyoyi su tsaya cak. In aka ci, sai a ɗaga su sama gaba ɗaya, ƙarafan na walƙiya a rana, mata na guɗa daga cikin tafasa. Wanda kuyyarsa ta kai shi ƙarshen gona, nesa da fili, sai ya nome ta dawowa da gudu-gudu don kada a yi babu shi. Mahauci garin kallo ya sare hatsi ya bar haki, dattijon ya taso da sanda yana nuna masa.

Baƙin nan sun iya. Akwai wata gajeruwa a cikinsu mai jifa da hagu, in ta yi tsalle sai ka ce ba za ta sauko ba. Ta ci ɗiyata tun da fari, ta sake ci. Na tsaya a bakin bokitina, hannuna cikin ruwan sabulu ban sani ba. Can aka ba baƙi jifan fanareti, gajeruwar ta tsaya, ta dubi kusurwar hagu. Ɗiyata ba ta bi idonta ba, ta faɗa dama, ƙwallo ya daki tafinta ya fita. Gonar ta kaure. Ladan ya manta da kansa ya yi kabbara da muryar kiran salla. Ni kuma na daka tsalle na ture bokitin, ruwan hutun rabin lokaci ya malale a yashi, sai da na sake zuwa famfo.

A ƙarshe baƙi ne suka yi nasara, da ci ɗaya tak. 'Yan matanmu biyu suka zauna a ƙasa suna kuka, sauran suka manta da sharaɗi suka nufi juna za su rungume, mushe ya shiga tsakani yana busa usur yana ɗaga hannuwa kamar mai korar kaji. Sai kukan ya koma dariya. Mutanen gona suka tafa wa baƙi da ƙotocin hauya. Uwaye sun dafo dambu da zogale, aka zuba wa kowace yarinya a kwanonta, suka ci a warwatse a inuwar azuzuwa, jajaye da koraye suna hira daga nesa. Ɗiyata da gajeruwar nan suka yi musayar kallabi ta hanyar jefa wa juna. Kafin la'asar motar ta ɗaga, ga hadari ya haɗo daga gabas.

Gonar dattijon kuwa an nome ta tas, har an shiga ta maƙwabcinsa kaɗan bisa kuskure. Ya bi mutane yana sa albarka da Hausarsa mai gauraye da Fulatanci, yana cewa shi bai san mene ne ƙwallo ba amma Allah ya ƙara masa daraja.

Na koma gida na tsaya daga bakin ƙofar Inna, don ni ma na shiga mutane, na ba ta labari tun daga farko. Ba ta damu da wanda ya ci ba. Fanaretin nan kaɗai ta sa na maimaita mata, ta tambaye ni ina gajeruwar ta duba, ina kuma ta jefa. Da na faɗa mata sai ta gyaɗa kai ta ce a kai wa takwararta kan kaza da romo ta katanga.

Kwanakin da suka biyo baya ban sake ba. Duk wanda ya yi tari a bakin shagona sai na ɗaga kai daga keke. Da safe kafin in fita sai na tsaya in saurari numfashin Inna, in leƙa ta katanga in tambayi ƙanwata ko yarinya ta tashi lafiya. Allah ya rufa asiri, ba wanda ya kwanta, ba a garinmu ba, ba a wajen baƙin ba, don mushe yana kiran malaminsu a waya yana tambaya. Da manjo ya ce ya isa, ɗiyata ta naɗo tabarmarta ta dawo, ta kama karatun jarrabawa.

Bayan nan manjo ya kawo mini wando in rage masa ƙugu. Ina awo na ce masa, "Manjo, ka rame."

Ya ce, "Ƙwallonku ne. Tun ranar nan duk wanda ya shigo likita da zazzaɓi sai gabana ya faɗi, in gwada in ga na sauro ne, sannan in sami natsuwa."

Na ce, "To yanzu da za a sake tambayarka?"

Ya ce, "Zan sake cewa a bari. Sa'a muka yi, ba wayo ba." Sai kuma ya ce, "Amma yarinyar nan taka ta iya tsaron gida. Ina ta koyi karanta idon mutum haka?"

Na cire allurar da ke bakina na ba shi labari. Ban da zancen jifa ta katanga, wannan na bar shi sai da ya karɓi wandonsa.